Akwatin Komawa Gida

Ranar da Auta ta fara ganinsa, abin da ya fara zuwa bakinta tsaki ne.

Tana zaune a kan katangar bakin teku da burodi a cinya, ta fito hutun rana daga shagon wanki da guga inda take aiki. Ruwa ya janye can nesa kamar yadda ya saba, ya bar yashi shimfiɗe da ciyayi masu ƙarni. Sai ga wani dogon saurayi ya gangaro da keke. Ya kwantar da shi a kan yashin, ya cire takalmansa sababbi fil ya jera su, ya naɗe ƙafar wando, ya nausa ciki yana waya. Da Hausa, kuma da ƙarfi, irin na wanda ya tabbata babu mai jin yarensa a garin.

"Wallahi Yaya, ka san tekun nan da ake ta zuzuta mana? To ya ƙafe! Ga ni nan a tsakiyarsa. Ashe shi ma rani yana kama shi kamar kogin garinmu."

Saura kaɗan Auta ta ƙware da burodi. Ita da aka kawo garin nan a goye ta ga baƙi iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya zo yi wa teku jaje ba. Gaskiya ya kamata ta yi magana tun a lokacin, sai dai Auta halin uwarta ta ɗauko, raini a nono ta sha shi. Ta gyara zama ta ce bari ta ga iyakar wautar.

Ruwan bai yi sallama ba. Kafin saurayin ya gama ba yayansa labari ya zagayo ta bayansa, ya lashi tayar keken, ya ɗaga takalman.

"Kai ɗan tudu!" ta ƙwala masa kira. "Tekun naka ya dawo daga rani!"

Ya waiwayo baki sake, ba a san ko ruwan ne ya firgita shi ko Hausar ba. Ya rugo ruwa har gwiwa, ya ciccibi keken, ya cafke takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan kuwa ya yi gaba abinsa.

Ya hawo matakala yana haki, wando sharkaf.

"Sannu," in ji Auta, babu ko ɗigon tausayi a muryarta. "Ba a gaya muku a garinku cewa ruwan nan tafiya yake yana dawowa ba? Kullum fa. Jarirai ma sun sani."

"Kina gani kika yi shiru?"

"Abinci nake ci."

Ya dube ta, ya dubi takalmin da ke hannunsa, sai ya fashe da dariya har yana dafa katanga.

"Kai, bakin nan naki ya fi ruwan can gishiri. Daga yau ke ce Gishiri."

"Kai kuma Ɗan Tudu har ƙarshen rayuwarka."

Sunayen da suka bi su ke nan.

Kafin ya tafi ya leƙa kekenta da ke jingine, ya ce sarƙar ta yi tsatsa, ta kawo masa shagon gyaran keke da ke lungun bayan tashar bas, can yake aiki. Ta ce Allah ya tsare ta da ba da kekenta ga mutumin da ya ba teku takalminsa. Ba a yi nisa ba sai ga ta a shagon, wai hanya ce ta biyo da ita.

Shago ne ɗan tsukuku, tayoyi rataye a rufi, ga baho da ruwan neman faci a bakin ƙofa. Ya juya kekenta ƙafafu sama, ya ɗauki tsohon burushin haƙori yana goge sarƙar gaɓa-gaɓa, yana ɗiga mata mai. A bango, a kan ƙusa, ga takalmin nan ƙafa ɗaya.

"Wannan fa? Ado ne?"

"Jira yake. Ke kika ce ruwan yana dawowa kullum, to ina sauraren ranar da zai dawo min da ɗan'uwansa."

Ta so ta yi tsaki, sai dariya ta riga shi fitowa. Abin ya ba ta haushi ƙwarai.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Gishiri, keken ya daina kuka?"

"Ya daina. Saura mai gyaran ya daina surutu."

"Mai gyaran ba ya gyaruwa. Gobe ki nuna min garin nan, kada in sake jin kunya a gaban jarirai."

"Ba ni da lokacin yawo da 'yan tudu."

"To bayan kin tashi aiki ke nan."

Ta kuwa nuna masa. Ta nuna masa cewa ba a cin abu a fili a bakin ruwa, don tsuntsayen teku ɓarayi ne marasa kunya, daga hannunka suke fizga. Ta nuna masa cewa lema ba ta da amfani a garin da ruwan sama yake zuwa a karkace. Ta koya masa shanya a cikin ɗaki, don kayan da aka shanya a waje da ɗanɗanon gishiri ake kwashe su. Duk abin da ta nuna masa sai ta haɗa da gori, shi kuma duk gorin sai ya karɓa hannu biyu kamar kyauta. Yakan tsaya a ƙofar shagon wankin yana kallonta ta cikin tururi tana ninke zannuwan gadon otal, har uwar ɗakinta ta fara tambaya ko dogon nan wanki ya kawo ko gadi aka ɗauke shi.

Wata rana saƙon da ya turo babu wasa a ciki.

"Gishirina, tun da na zo garin nan komai lami nake jin sa sai ranar da na gan ki. Ina son ki. In raina ni za ki yi, ki raina ni a ɗakina har mu tsufa."

Auta ta karanta a bayan injin wanki, ta sake karantawa. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge.

"Kalamanka ma na 'yan tudu ne. Amma na karɓa. Sai ka shirya wa Umma."

To, Umma.

In ana neman wadda ta raina gari a duniyar nan, a zo a ga Umma. Sama da shekara ashirin tana zaune a hawa na sama na wani bene da ke kallon teku, amma ba ta taɓa yarda cewa zaune take ba. Ta raina iskar garin, ta raina kifinsa, ta raina maƙwabta da ke sa wa karnuka riga. Teku kuwa ko sunansa ba ta kira, sai dai ta ce "ruwan banzan nan da ba a sha ba a wanki". Tagar falonsu ita ce ta fi kowace kallon ruwan a duk benen, mutane har sha'awarta suke yi, amma Umma ta danne ta da wani labule mai kauri tun ranar da suka tare. Da rana tsaka sai an kunna fitila a falon.

A kusurwa kuma ga akwatin ƙarfe babba, da kwaɗo, an lulluɓe shi da leda. Mahaifiyar Umma ce ta ba ta shi. Akwatin komawa gida ke nan. Ba a zama a kansa, ba a ɗora masa ko kofi. Duk maganar Umma da "idan mun koma gida" take farawa. An ce bana, sai karatun Auta ya hana. An ce baɗi, sai aikin Abba ya hana. Daga baya mahaifiyar tata ta rasu, aka daina sa rana, amma ba a daina faɗa ba.

Abba direban bas ne, mutum mai shiru. In Umma ta fara, sai ya ce "Allah ya nuna mana" ya ƙara sautin rediyo.

Umma tana da nata ɗan takarar. Alhaji Kwantena ake ce masa, don sana'arsa tara tsofaffin firji da talabijin da mutanen garin suka zubar, ya cusa a kwantena ya tura gida. Mutum ne da turarensa ke riga shi hawa bene. Ba ya zama minti kaɗan bai zaro waya ya nuna hoton ginin da yake yi a gida ba, ginin da tun Auta tana makaranta yake matakin linta, ko rufi ba a kai ba. Ni dai ban taɓa ganin bulo da ya sha hoto irin wannan ba. Amma Umma in ta ga hoton har idonta ke kawo ruwa.

"Ka ga mutum mai tunanin asalinsa," takan ce. "Wannan shi zai mayar min da 'yata cikin dangi."

Ranar da Ɗan Tudu ya zo gaisuwa, ya sha wanka, ya kankare baƙin mai daga farcensa, ya sayo sabon takalmi. Ya durƙusa a falon mai duhu ya gaida Abba, ya gaida Umma. Ta amsa da hanci, tana ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa. Auta tana bakin kicin tana addu'a a zuci.

"Kai ne mai facin?"

"Ni ne, Umma."

"Hm. To yaushe za ka koma gida?"

Tambayar da Umma ke auna kowa da ita ke nan. Duk ɗan ƙasarsu da ke garin ya san amsar: a sunkuyar da kai, a yi ajiyar zuciya, a ce "in Allah ya yarda nan kusa". Ko wanda ya san a nan za a binne shi haka yake cewa. Amma bawan Allahn nan, da ya riga ya yi wa teku jaje, sai ya ɗauka korarsa ake da wayo.

"Yanzu ma zan koma, Umma, ba zan daɗe ba. Ai gidan ba nisa, nan bayan tashar bas ne."

Abba ya yi tari. Auta ta runtse ido.

"Bayan tashar bas," in ji Umma a hankali. "Wannan ramin da kake haya a saman shagon faci, shi ne gida? Jiya-jiya ka zo har ka manta inda aka binne cibiyarka?"

Ya gane kuskurensa, kunya ta rufe shi. Da ya yi ƙarya a nan da ya tsira, amma bai iya ba.

"Ki gafarce ni, Umma, ban fahimta ba ne. Amma gaskiya tun da mahaifinmu ya rasu aka raba gidan, can ɗin ba ni da ko inda zan jingina keke. Na zo nan ne da niyyar zama."

"To zauna. Allah ya ba da sa'a. Amma ba da 'yata ba. Ban goyo ta na kawo ta nan don in bar wa ruwan banza ita ba."

Da ya fita, Abba ya ce, "Hajiya, ni fa ba na yi wa 'yata dole."

"Wa ya ce dole? Ta zaɓa. Ko ni ko faci."

Kwanakin da suka biyo baya falon ya ƙara duhu. Umma ta daina cin abin da Auta ta dafa. Alhaji Kwantena kuwa ya samu ƙofa, kullum yana hawa bene da turarensa. Har ya yi tayin kai akwatin Umma gida kyauta, a ajiye shi a ginin nasa, in ya so amarya ta biyo baya. Umma ta amince, aka sa Asabar.

A wannan zaman ne ya saki maganar, yana dariya yana kaɗa makullin mota.

"Af, yaron nan mai faci ya zo ofishina. Wai yana tambayar yadda zai tura kayan aikinsa gida. Da alama garin ya fi ƙarfinsa, guduwa zai yi."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta shige ɗaki ta rubuta da duk gishirin da ke bakinta.

"Ashe tattara kaya kake ban sani ba. Sai a bakin mai tsofaffin firji zan ji? Dama na san ɗan tudu ba ya jure ruwa. Ka gaida gida. Ka tafi da takalminka ƙafa ɗaya, shi ne daidai da kai."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Gishirina, ba gudu zan yi ba. Na ce in komawa ce sharaɗin Umma, zan bar shagon in koma da ke, ko a gindin bishiya ne in yi faci. Na so in gama shiri kafin in faɗa miki."

Wani zai ce ai sai ta narke. Ina! Ta figi kekenta, ta keta ruwan sama har lungun bayan tashar bas, ta faɗa shagon a jiƙe.

"Wa ya ce maka ina son komawa?"

Ya ajiye famfon da ke hannunsa. "Na ɗauka..."

"Ka ɗauka! Kamar yadda ka ɗauka teku ya ƙafe? In koma ina? Wurin da ban sani ba sai a hoto? A nan na yi rarrafe, a nan na yi makaranta, ƙarar ruwan nan nake ji in yi barci. Nan ne gidana. Kai kaɗai ka taɓa kiran garin nan gida a falonmu, shi ya sa na ƙara son ka a ranar, sakarai kawai, shi ne za ka je ka lalata!"

Ta fashe da kuka. Ya miƙa mata tsumma mafi tsabta a shagon, wanda shi ma ba wani tsabta gare shi ba.

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ko Umma ban taɓa faɗa wa ba."

"To ni na ji, masoyiya. Saura ita."

Ranar Asabar da hantsi Alhaji Kwantena ya iso da 'yan dako. Ya ce sai an buɗe akwatin ya ga abin da ke ciki, don ma'aikatan tashar jirgi ba sa karɓar kaya a rufe. Umma ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta yaye ledar da bisimilla, ta zura. Makulli ya ƙi juyawa. Ta sake murɗawa har yatsunta suka yi ja. Kwaɗon ya ci tsatsa ya haɗe da kansa.

"A kawo guduma a fasa kawai, Hajiya," in ji Alhaji yana duba agogo. "Akwatin ma ai ya ci a jefar. In kika ga irin tarkacen da mata ke ajiyewa, wallahi sai dariya."

Ka ji fa, mai kwasar firjin bola ne yake kiran kayan wani tarkace.

Umma ta ɗago a hankali. "Akwatin uwata za a sa wa guduma?"

"To ni dai jirgi ba ya jira. In kun buɗe a kira ni."

Ya kwashi 'yan dakonsa ya sauka, ya bar musu turare. Umma ta ci gaba da kokawa da kwaɗo ita kaɗai. Abba ya fita baranda da wayarsa.

Auta ta zo ta durƙusa kusa da ita.

"Umma, ko ya buɗe ba zan bi shi ba. Ki yafe min. Ni ban san wani gida ba sai wannan. Ke kika kawo ni, a nan kika raine ni, kuma ban ga abin da na rasa ba. Ba na son in zaɓa tsakaninki da kowa."

"Rufe min baki."

"Na rufe shekara da shekaru, Umma."

Auta ta tashi ta kama labulen nan ta ja. Ƙura ta tashi, haske ya cika falon har Umma ta kare ido da hannu. Ga teku nan shimfiɗe, ya cika ya batse, bai san ma ana fushi da shi ba.

Ana cikin haka aka yi sallama. Ɗan Tudu ne, da 'yar gwangwanin mai da burushinsa. Abba ya shigo bayansa yana kallon silin kamar ba shi ya kira shi ba.

Umma ba ta ce ya shigo ba, ba ta kuma ce ya fita ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya matsa gaban akwatin.

"In ka ƙwarzane min shi sai na ci mutuncinka."

"To, Umma."

Ya ɗiga mai a ramin makullin, ya jira, ya goge, ya sake ɗigawa. Abin ya ɗauki lokaci, har ya yanke a yatsa ya tsotse jinin ya ci gaba. Can ya ja da baya.

"Umma, ki gwada da hannunki."

Ta murɗa. Kwaɗon ya yi ƙara ya saki.

Warin fumfuna ne ya fara fitowa. Atamfofin da ke sama duk sun yi tabo, kwanukan sun yi tsatsa a baki. Umma ta riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashinsu sai ga takalma a jere, na yarinya mace, ba a taɓa sa ko ɗaya ba. Na farko bai fi tafin hannu ba, na gaba ya ɗan fi shi, haka har zuwa na budurwa. Fatarsu ta bushe ta tsattsage, maɗauransu sun yi kore.

"Na wane ne, Umma?" in ji Auta.

"Naki ne." Muryar Umma ta sauka. "Duk shekarar da aka ce za mu tafi sai in saya miki wanda za ki sauka da shi, kada dangi su ce na dawo da ke a wulaƙance. Kafin shekara ta zagayo kin fi ƙarfinsa."

Ta ɗauki ƙaramin ta juya shi a hannu, ta kai shi hanci. Sannan ta ɗaga kai ta dubi tagar, kallon da ba ta taɓa yi ba.

"Ashe ruwan banzan nan ya shigo. Na rufe taga, na rufe akwati, na sa leda, duk da haka sai da munafukin ya shigo."

Sai hawaye. Auta ta rungume ta suna kuka tare. Abba ya kashe rediyo da kansa. Ɗan Tudu ya rasa inda zai sa idonsa, ya kama goge kwaɗon da ya riga ya gyaru.

Da Umma ta nutsu ta face hanci, ta dube shi a ɗage, don hali ba ya tafiya rana ɗaya.

"Kai mai faci. Ramin naka yana da taga?"

"Akwai, Umma, guda ɗaya."

"Me take kallo?"

"Tashar bas."

"Gara haka." Ta zaro wata atamfa daga can ƙasa, wadda fumfuna ba ta kai gare ta ba, ta jefa wa Auta a cinya. "A ɗinka labule da wannan. Mara nauyi, yadda haske zai shiga. Kai kuma ka turo manyanka su ga Abban Auta, ba na son a yi ta min sintiri a bene."

Da Alhaji Kwantena ya bugo da yamma yana tambaya ko an buɗe, Umma ta ce masa an buɗe, kuma akwatin ya fasa tafiya, ya gaida linta.

An ɗaura aure cikin kaka, ranar da iska ta yi ta fizgar hulunan 'yan ɗaurin aure. Yayan ango, wanda aka taɓa yi wa albishir da ƙafewar teku, ya halarta ta waya, ya kuma ba kowa labarin har ango ya rasa inda zai ɓuya. Bayan an watse aka rage 'yan gida a falon Umma, labule a zuge gefe. Akwatin yana nan a kusurwarsa, sai dai yanzu tiren shayi ne a kansa.

Wayar Auta ta yi ƙara a cikin mayafi. Ango ne, yana zaune bai fi taku kaɗan da ita ba.

"Gishirina, kin yi kyau har na manta sunan garinmu."

"Dama me ka taɓa riƙewa? Ɗago kanka, Umma na kallonka."

Umma ta miƙo masa wani kwali. Ya buɗe, takalmi ne sabo, ƙafa biyu cif.

"Ungo. Saura ka kai wa ruwan banzan can."

"Na gode, Umma. Allah ya ƙara girma."

Ta kama hannun Auta ta daɗe riƙe da shi, sannan ta saki.

"To, yamma ta yi. Tashi ka ɗauki matarka ku tafi gida."

Ɗan Tudu ya daskare. Sau ɗaya aka yi masa wannan jarrabawar ya faɗi, ba ya son ya maimaita. Ya dubi Auta, ya dubi Abba.

"Umma... wane gidan?"

Umma ta ja tsaki mai tsawo, irin wanda Auta ta gada.

"Ji min sakarai. Na bayan tashar bas mana, kana da wani ne? Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su raina ku kamar yadda wannan ta raina ni."

"Amin," in ji Abba, da ƙarfin da ba a taɓa jin sa da shi ba.

Suka sauka bene hannu cikin hannu. Umma ta tsaya a taga tana kallonsu har suka sha kwana, kuma ba ta mayar da labulen ta rufe ba.